Yadda Mutanen Keita Suka Komo da Itatuwa Kan Duwatsunsu

Keita gari ne a ƙasar Adar, cikin jihar Tawa ta Jamhuriyar Nijar. Ƙasa ce mai duwatsu da gangara da kwazazzabai. Fari na 1973 ya kashe itatuwa da dabbobi masu yawa, na 1984 kuma ya ƙarasa abin da ya ragu. Da duwatsun suka zama tsirara, in an yi ruwa sai ya gangaro da gudu, ya kwashe ƙasa, ya cinye gonakin da ke ƙasa. Magidanta da yawa suka tafi cin rani, suka bar mata da yara.

A shekarar 1984 ɗin aka soma babban aikin raya karkara na Keita. Gwamnatin Italiya ta ba da kuɗi, hukumar FAO ta lura da aikin, ana kuma biyan ma'aikata da abinci. Yawancinsu mata ne, su suka riƙe diga da shebur cikin zafin bazara.

Sun gane ba ƙarancin ruwa kaɗai yake kashe dashe a kan gangara ba, rashin tsayawarsa ne. Saboda haka sai su haƙa rami mai tsawo, kamar mita 3, a gicciye da gangarar, su tara ƙasar a bakinsa na ƙasa. Ramukan layi na biyu kuwa sai a sa su daidai tsakanin na farko, domin ruwan da ya kuɓuce wa wannan ya faɗa cikin wancan. Damina na sauka sai a dasa ƙananan itatuwa masu jure fari, irin su bagaruwa da dushe. Ruwa ya kwanta ya nutse, saiwa ta bi shi. Sa'an nan a tsare wurin daga awaki, gama akuya ɗaya takan ɓata aikin shekara da yamma guda.

Haka aka yi ta yi shekara da shekaru, har aka dasa miliyoyin itatuwa, duwatsun da suka bushe suka sāke yin kore.

Mai lambu a kan gangara, kada ka fara da dashe. Fara da rami, ka tare ruwa tun da rani, ka zaɓi itacen da ya san ƙasarku, ka kewaye shi da ƙaya. Da sannu saiwarsa za ta kai inda laima take, ya daina bukatarka.