Yadda Ake Gano Zaftarewar Dusar Ƙanƙara Ta Hanyar Sautin Da Kunne Ba Ya Ji

A ƙasashe masu manyan tsaunuka da tsananin sanyi, dusar ƙanƙara kan taru a gangaren dutse har ta yi nauyi, sai ta ɓalle ta gangaro, ta binne duk abin da ta tarar. A ranar 18 ga Janairu, 2017, irin wannan zaftarewa ta danne wani otal a Rigopiano da ke Italiya, inda mutum 29 suka rasa rayukansu. Abin da ya fi damun masu kula da hanyoyin tsaunuka shi ne, sau da yawa lamarin kan auku da dare ko ana tsakiyar guguwa, lokacin da ido ba ya ganin komai.

A nan ne sauti ya shigo. Kunnen ɗan Adam ba ya jin sautin da kaɗawarsa ba ta kai sau 20 a daƙiƙa ba, ko da yake giwaye da irinsa suke kiran juna daga nesa. Dusar da ke gangarowa tana tunkuɗa iskar da ke gabanta, wannan kuwa yana haifar da irin wannan ɓoyayyen sauti, wanda kan yi tafiyar kilomitoci bai dushe ba.

Ana girke ƙananan na'urorin auna matsin iska guda huɗu ko biyar a ƙasa, da 'yar tazara tsakaninsu. Sautin ba ya isa gare su lokaci guda, sai kwamfuta ta auna ɗan bambancin, ta gano ɓangaren da ya fito. Idan tushen sautin yana saukowa daga ƙololuwa zuwa kwari, alama ce ta zaftarewa, ba jirgin sama ko fashewar nakiya ba. Nan take saƙo zai isa wayar jami'ai.

Amfaninsa ya fi fitowa fili a mashigin Rogers da ke yammacin Kanada, inda babbar hanyar mota da layin dogo suka ratsa tsaunuka. A can sojoji ne ke harba igwa kan gangare, don su zubar da dusar da gangan bayan an rufe hanya. Cikin duhu, wa zai tabbatar harbin ya yi aiki? Na'urorin ne ke ba da amsa, kuma amsar na taimakawa wajen yanke shawarar buɗe hanya ko ci gaba da rufe ta. Haka ake yi a kwarin Little Cottonwood na jihar Utah a Amurka.

Sai dai na'urar ba ta hango abin da bai faru ba. Labarin abin da ya riga ya ɓalle kawai take bayarwa. Iska mai ƙarfi tana rikita ta, ƙananan zaftarewa da na jiƙaƙƙiyar dusa kuma sukan kuɓuce mata. Shi ya sa a hanyar shiga garin Zermatt na Suwizalan, na'urar rada aka ɗora wa aikin kunna jar fitila da tare motoci da zarar dusa ta motsa.