Lissafi da Ƙirƙirarriyar Basira: Abin da Na'ura Ke Gani da Abin da Ke Kuɓuce Mata a Potiskum

Ƙirƙirarriyar basira, wadda aka fi sani da AI, fasaha ce ta sa kwamfuta ta yi ayyukan da a da sai mutum mai hankali ke iya yi, kamar gane murya, fassara magana, karanta hoton asibiti da hasashen abin da ka iya faruwa. Duk da sunan da aka laƙaba mata, ginshiƙinta lissafi ne. Na'urar tana bin ɗimbin bayanan da mutane suka tara, ta gano tsarin da ke maimaituwa a cikinsu, sannan ta yi kirdado a kan abin da ba ta taɓa gani ba. Don haka ingancin aikinta ya rataya ne a kan abin da aka ƙirga aka rubuta, kuma duk abin da ba a rubuta ba, to babu shi a wurinta. Garin Potiskum na Jihar Yobe, mai babbar kasuwar shanu da harsuna da dama, wuri ne da wannan gaskiya ke fitowa fili.

Lissafin da ya riga na'ura

Tushen wannan fasaha ya daɗe. A ƙarni na tara, Muhammad bin Musa Alkawarizmi ya rubuta littafinsa na aljabara a Bagadaza, kuma wani babban sashe na littafin ya tsaya ne a kan matsalolin gado da wasiyya. Daga sunansa Turawa suka samo kalmar da suke kiran jerin matakan da ake bi a warware matsala, wato tsarin da kowace manhajar kwamfuta ke tafiya a kai a yau.

Ƙasar Hausa ma tana da nata rabon. Muhammad bin Muhammad Alfulani Alkashinawi, malami daga Katsina, ya rubuta littafi da Larabci a shekarar 1732 kan hanyoyin tsara hatimin lambobi, wanda kowane layi nasa ke ba da jimla iri ɗaya ko ta ina aka haɗa. Ya rasu a Alƙahira a 1741. Har gobe malaman da ke raba gado a zaurukan Potiskum suna aiki da rabi, rubu'i, sumuni, sulusi da sudusi, mai garke kuma ya san cewa zakkar shanu tana farawa ne daga 30. Sunan ƙirƙirarriyar basira kuwa ya samo asali ne daga wani taron masana a Kwalejin Dartmouth ta Amurka a 1956, amma sai a watan Nuwamban 2022, da fitowar ChatGPT, ta shiga hannun talakawa ta wayar salula.

Yadda na'ura ke koyo

Karar Potiskum tana cikin manyan kasuwannin shanu na Afirka ta Yamma. Ana kawo dabbobi daga Nijar, Chadi, Kamaru da sassan arewa maso gabas, a loda su a tireloli zuwa kudancin ƙasar nan. Gogaggen dillali yana kallon sa sau ɗaya ya faɗi kimarsa. Yana duba tozo da ƙirji, ya buɗe baki ya ga haƙora don sanin shekaru, ya lura ko Bunaji ne ko Rahaji ko Wadara, sannan ya auna da lokacin: ana gab da Babbar Salla ne, ko tsakiyar rani ne da dabba ta rame.

Abin da kwamfuta ke yi ya yi kama da wannan, sai dai da lambobi take yinsa. Za a ba ta bayanan dubban shanu da aka riga aka sayar, kowanne da siffofinsa da kuɗin da aka biya. Sai ta ba kowace siffa wani ma'auni, ta haɗa su ta fitar da farashi, ta kwatanta da na gaskiya. In ta yi kuskure sai ta ɗan gyara ma'aunan ta sake gwadawa, haka har sau miliyoyi, sai kuskuren ya ragu. Rassan lissafi uku ne ke ɗauke da aikin: aljabara wadda ke jera lambobin, lissafin sauyi wanda ke nuna ta inda za a gyara, da ilimin yiwuwa wanda ke auna yawan tabbacin amsar. Manhajojin da ke hira da mutum ma haka suke, illa su kalmar da ta fi dacewa ta biyo baya suke kirdado.

A nan ne matsala ta farko take. Yawancin cinikin kara da baki ake yinsa, a sa albarka, a biya la'ada, a watse. Ilimin yana cikin kan dillalai da makiyaya. Manhajar da aka horar da bayanan shanun Turai, masu jiki da abinci daban, za ta ba da amsa cikin gaggawa a kan Rahaji, kuma amsar na iya zama kuskure ba tare da ta nuna wata alamar shakka ba.

Amfaninta a kimiyya da lafiya

Inda aka tara bayanai masu kyau, fasahar ta kawo ci gaba na zahiri. A 2024 Demis Hassabis da John Jumper sun shiga cikin waɗanda suka sami kyautar Nobel ta ilimin sinadarai saboda manhajar AlphaFold, mai hasashen siffar sinadaran gina jiki, aikin da a da kan ci wa masu bincike shekaru a kan guda ɗaya. A shekarar ce kuma aka ba John Hopfield da Geoffrey Hinton ta kimiyyar fiziks saboda aza harsashin koyon na'ura.

Kusa da gida, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince a 2021 da amfani da manhajar kwamfuta wajen karanta hoton ƙirji don tantance masu tarin fuka daga ɗan shekara 15 zuwa sama. Wannan yana da muhimmanci ga yankunan da ƙwararrun likitocin hoto suka yi ƙaranci. Haka nan a yaƙi da cutar shan inna, an yi amfani da hotunan tauraron ɗan'adam da na'urorin nuna wuri wajen zana taswirar ƙauyuka da rugagen arewacin Nijeriya, domin kada masu rigakafi su tsallake wani gida. A ranar 25 ga Agustan 2020 aka ayyana Afirka a matsayin wadda ta rabu da ainihin ƙwayar cutar. Hasashen damina da hukumar NiMet ke fitarwa kowace shekara, wanda manoman gero da wake na Yobe ke saurare, shi ma lissafi ne a kan bayanan yanayi na shekaru masu yawa.

Harsunan da na'ura ba ta ji

Potiskum mazaunin masarautun Fika da Potiskum ne, kuma baya ga Hausa da Fulatanci ana jin Bolanci, Karekare da Ngizim, waɗanda dangin Hausa ne a rukunin harsunan Chadi. Google ya saka Hausa a manhajarsa ta fassara a 2013, ya ƙara Fulatanci da Barbarci a 2024, amma waɗancan harsuna uku ba su cikin ƙarin. Dalili shi ne ƙarancin rubutu, domin na'ura ba ta koyon harshen da ba ta samu a rubuce ko a naɗe da yawa ba.

Ɗan abin da ake da shi ya samu ne da gumin mutane. Masanin harshe Russell Schuh na Jami'ar Kalifoniya ya zauna a Potiskum yana nazarin Ngizim, ya kuma wallafa ƙamusunsa a 1981. Daga baya shi da Alhaji Maina Gimba na Jami'ar Maiduguri suka jagoranci aikin binciken harsunan Yobe tare da 'yan asalin harsunan, aka buga ƙamusoshi a Potiskum a 2004. Irin wannan aiki shi ne iri ga duk wata manhaja da za ta ji waɗannan harsuna nan gaba. Idan sanarwar lafiya, banki da aikin gona suka koma bakin na'ura, tsohuwar da Karekare kaɗai take ji sosai za ta zama ta ƙarshe a layi.

Adalci, sirri da alhaki

Na'ura tana gadon son zuciyar bayanan da aka ba ta. Binciken da Joy Buolamwini da Timnit Gebru suka wallafa a 2018 ya nuna cewa wasu manhajojin tantance fuska suna kuskure a kan mata baƙar fata har kusan kashi 35 cikin ɗari, alhali kuskurensu a kan maza farar fata bai kai kashi ɗaya ba. Haka abin zai iya kasancewa a harkar bashi: manhajar da ke auna mutum da yawan kuɗin da ke shiga asusunsa za ta ɗauki makiyayi mai shanu ɗari a matsayin matalauci, saboda dukiyarsa tana tafiya da ƙafa huɗu.

Akwai kuma haɗarin kwaikwayon murya da fuska. A kasuwancin da ya dogara da amana da kiran waya, inda fatake ke tura miliyoyi bisa jin muryar abokin hulɗa, muryar bogi na iya raba mutum da jarinsa, bidiyon bogi kuma na iya tayar da fitina tsakanin al'umma.

An fara kafa dokoki. Ƙasashe 193 na hukumar UNESCO sun amince da ƙa'idojin ɗa'ar wannan fasaha a Nuwamban 2021. Nijeriya ta kafa cibiyar ƙirƙirarriyar basira da mutum-mutumi ta ƙasa a ƙarƙashin hukumar NITDA a 2020, sannan aka sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a a Yunin 2023. Dokar ta ba ɗan ƙasa haƙƙin ƙin yarda a yanke masa hukunci mai tasiri ga rayuwarsa bisa lissafin na'ura kaɗai, tare da neman mutum ya duba lamarin. Manufar ita ce alhaki ya tsaya a wuyan wanda ya ƙera manhajar da wanda ya yi aiki da ita.

Komai ya koma aji

Mai iya tuhumar amsar na'ura shi ne wanda ya san kaso da kashi cikin ɗari, ya kuma san bambancin tabbas da yiwuwa. Potiskum ta biya farashi mai tsada a kan neman wannan ilimi. A ranar 10 ga Nuwamban 2014, ɗan ƙunar baƙin wake ya kashe mutane fiye da 40, akasarinsu ɗalibai, a wurin taron safe na makarantar gwamnati ta kimiyya da fasaha da ke garin. A 2019 Gwamna Mai Mala Buni ya ayyana dokar ta-ɓaci a kan ilimin firamare da sakandare a jihar.

Kwalejin Ilimi ta Tarayya mai koyar da fasaha da ke Potiskum tana horar da malaman lissafi, kimiyya da kwamfuta waɗanda ke shiga azuzuwan yankin. Daga hannunsu ne za a sami matasan da za su rubuta farashin kara mako bayan mako, su naɗi muryoyin dattawan Ngizim da Bolawa, su kuma iya gane ranar da na'ura ta yi kuskure a kan mutanensu.