Samanja da Karkuzu: Sunan Wasa Ya Danne Na Yanka

Tun kafin zuwan Kannywood, gidajen rediyon Arewa sun gane cewa saƙo ya fi shiga kunne idan ya fito daga bakin ɗan wasan da jama'a suka saba da shi. Haka Usman Baba Pategi, tsohon soja, ya zama Samanja Mazan Fama a Rediyon Kaduna, yana cakuɗa Hausa da Turancin bariki, daga baya wasan ya shiga talabijin. A nan Jos kuwa, Abdullahi Shu'aibu ya zama Karkuzu na Bodara a tashar NTA cikin shekarun 1980. Samanja ya rasu a 2023, Karkuzu a 2025. Allah Ya jiƙansu. Duk mai kaset ɗinsu ya adana, kada jikokinmu su gaji suna kawai.