Ɓerayen da suka tona asirin kitse

A shekarar 1949, a cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, aka ga wasu ɓeraye masu ci ba ƙoshi, har suka ninka 'yan'uwansu nauyi sau uku. A wancan zamanin likitoci na kallon kitse kamar rumbu ne kawai: jiki ya tara, ya ɗiba ranar yunwa.

Wani masani a cibiyar, Douglas Coleman, bai gamsu da haka ba. Sai ya ɗinke ɓeraye biyu gefe da gefe har jininsu ya gauraya, ɗaya lafiyayye, ɗaya daga wani nau'i mai ƙiba da ciwon suga. Abin mamaki, lafiyayyen ya daina ci, ga abinci a gabansa, ya rame har ya mutu. Coleman ya gano cewa akwai wani sinadari a jinin mai ƙibar da ke sanar da ƙwaƙwalwa an ƙoshi, yana da shi jingim, amma tasa ƙwaƙwalwar ba ta ji.

Sai 1994 Jeffrey Friedman na Jami'ar Rockefeller ya gano tushen sinadarin, aka sa masa suna leptin. Ashe kitse ne da kansa yake fitar da shi! Kamfanin Amgen ya biya dala miliyan 20 don samun haƙƙin sarrafa shi, da zaton an samu maganin ƙiba. A Cambridge ta Ingila kuwa an samu yaran da aka haifa ba su da leptin, allurarsa ta rage musu ci da nauyi. Amma galibin masu ƙiba halin ɓeran Coleman suke ciki: sinadarin ya yi yawa, ƙwaƙwalwa ta toshe kunne.

A ganina, babban labarin a Osaka ta Japan yake. A 1996 tawagar Yuji Matsuzawa ta bayyana adiponectin, wanda shi ma daga kitse yake fitowa. Yana taimakon jiki ya amsa kiran insulin, yana rage kumburi a bangon jijiyoyin jini. Sai dai yadda tumbi ke girma haka shi yake raguwa, kuma an same shi ƙasa a jinin masu ciwon suga da masu toshewar jijiyoyin zuciya. Kitsen da ya naɗe hanji ya fi na cinya illa.

Saboda illar kitsen tumbi, tun 2008 Japan take auna ƙugun 'yan shekara 40 zuwa 74 a gwajin lafiya na shekara-shekara: iyakar da aka sa ita ce santimita 85 ga namiji, 90 ga mace.