Gidan Makama: Yadda Mazaunin Ɗan Sarki Ya Zama Ma'ajiyar Tarihin Kano

Duk wanda ya biyo hanyar fada a cikin birnin Kano har ya doshi Ƙofar Kudu, ba makawa idonsa zai faɗa kan wani tsohon gini na ƙasa mai kaurin katanga, da zankwaye a bisa kansa, wanda mutanen gari suka tashi suka tarar iyayensu da kakanninsu suna kira Gidan Makama. Ma'abota ruwaya sun tafi a kan cewa a ƙarni na 15 aka gina shi domin Muhammadu Rumfa, tun yana ɗan sarki yana riƙe da sarautar Makama, kafin Allah ya ba shi gadon sarautar Kano a shekarar 1463. Rumfa kuwa, wanda ya yi mulki har zuwa 1499, shi ne sarkin da ya faɗaɗa ganuwa, ya kafa kasuwar Kurmi, ya karɓi baƙuncin Shehu Magili, malamin nan na Tilimsan da ya wallafa masa risala a kan abin da ya wajaba ga sarakuna. Da ya ga kuma daula ta bunƙasa, sai ya gina sabuwar fada wadda har yau sarakunan Kano suke zaune a cikinta. Gidan farko ya wanzu da sunan sarautar da mai shi ya bari, kuma bayan jihadi, lokacin da sarautar Makama ta koma gidan Joɓawa, ta zama ɗaya daga cikin huɗun da ke zaɓen Sarki, sunan bai canja ba.

Haka gidan ya zauna zamani bayan zamani, har zuwa watan Fabrairu na 1903, sa'ad da rundunar Nasara ta ci birni alhali Sarki Alu yana can wajen Sakkwato, aka naɗa Muhammadu Abbas a gurbinsa. Da yake baƙin ba su riga sun gina mazauninsu na bayan gari ba, sai suka mai da wani sashe na Gidan Makama ofis na ɗan lokaci. Daga bisani aka kasa gidan uku: kashi guda ya saura mazaunin Makama, kashi guda ya zama makaranta, na ukun kuwa shi ne wanda ƙaddara ta tanadar wa aikin adana tarihi.

Asalin wannan aiki ba a Kano ya faro ba. Tun a 1943 gwamnatin mulkin mallaka ta ɗora wa wani malamin zane Bature, Kenneth Murray, nauyin binciken kayayyakin da magabata suka bari a ko'ina cikin Nijeriya, saboda an lura ana kwashe su zuwa ƙasashen waje, waɗanda suka tsira kuma gara da ruwan sama suna cinye su. Aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952, aka kafa dokar kare kayan tarihi a 1953, aka buɗe na Ikko a 1957. A 1959 kuma aka shigar da Gidan Makama cikin jerin gine-ginen da doka ta haramta a rushe ko a sauya musu kama, aka gyara ɗakunansa aka soma jera kaya a daidai lokacin da ƙasa take shirin karɓar mulkin kai. Tun daga 1979 yana ƙarƙashin hukumar tarayya mai kula da gidajen tarihi da wuraren tunawa. A ganina hikimar waɗanda suka zaɓi wannan wuri ta fi ta waɗanda suka zuba siminti suka yi sababbin gine-gine a wasu garuruwa, domin a nan mai ziyara ba ya bukatar a kwatanta masa yadda magabata suke gini, tun da yana tsaye ne a ƙarƙashin rufinsu.

Kafin mutum ya shiga zaure zai tarar da manyan tukwane da aka tono a wajen Ƙofar Kabuga, da igwa biyu na zamanin Nasara. Daga nan ɗakuna goma sha ɗaya ne suke biye da juna, suna ɗauke da labarin Kano tun daga mazauna Dala da Barbushe, da zuwan Bagauda, da Gijimasu wanda ya soma ganuwa, har zuwa jihadi da Basasar da ta ɓarke a 1893 tsakanin Sarki Tukur da Yusufawa, da zamanin jirgin ƙasa da dalar gyaɗa. Akwai sulke da lifidi da kwalkwali, akwai allo da tawada da littattafan da aka rubuta da hannu, akwai kayan maƙera da masaƙa da marina da dukawa, da kayan kiɗa na fada da na talakawa. Amma abin da ya fi tsayar da mai hankali shi ne ƙyamaren tsofaffin ƙofofin gari, waɗanda maƙeran da can suka haɗa da fallayen ƙarfe, suka ɗinke su da ƙusoshi ɗaya bayan ɗaya. Idan ka matsa kusa za ka ga sawun guduma bai ɓace ba, ka tuna cewa a da, in magariba ta yi aka rufe wannan ƙyaure, to, fatake ko nawa ne, ko daga Agadas suka fito ko daga Gwanja, sai su kwana a waje. Ɗakin amarya kuma, da jerensa na ƙore da tasoshi da faya-fayi, nan ne mata suka fi daɗewa, tsofaffi suna nuna wa jikokinsu irin kayan da aka kai su ɗaki da su.

Rayuwar gidan ta yau da kullum ba ta da hayaniya. Da safe a yi shara, a kakkaɓe ƙura daga akwatunan gilashi, wadda a lokacin hunturu ba ta ƙarewa, masu yi wa baƙi jagora su zauna a zaure suna jiran wanda Allah zai kawo. Galibin waɗanda ke zuwa 'yan makaranta ne, a jere biyu biyu cikin tufafinsu iri ɗaya, malaminsu na gaba yana tsawatarwa kada a taɓa kome, su kuwa hankalinsu duk yana kan takubba da igwa. Sai ɗaliban ilmi daga jami'o'i masu neman madogara ga abin da suke rubutawa, sai kuma baƙi daga nesa, waɗanda suka fi yawa a kwanakin Salla, lokacin da dawaki suke cika filin Ƙofar Kudu domin Hawan Daushe. A farfajiyar da ke tsakiyar gidan 'yan Koroso sukan yi rawa da wasan kwaikwayo, a ranar 18 ga Mayu kuma, wadda duniya ta keɓe domin gidajen tarihi, akan tara jama'a a yi musu jawabi da nune-nune.

Sai dai aikin da ya fi kowanne nauyi shi ne wanda baƙo ba ya gani. Ginin ƙasa kamar doki yake, ranar da aka daina yi masa hidima ranar yake soma lalacewa. Kafin damina ta sauka wajibi ne a hau soro a duba indararo, a toshe tsaga, a sake yaɓe inda ya zube, a shafe katanga da makuba. A ciki kuma a riƙa lura da azara, domin azara ce ƙashin bakan gizon da yake ɗauke da rufin, in ta ruɓe ba abin da zai hana ɗaki zubewa. Maginan da suka gaji wannan sana'a, waɗanda suka san yadda ake kwaɓa ƙasa a bar ta ta kwana, a mulmula tubali, a haɗa laso da katsin marina, kullum raguwa suke yi, 'ya'yansu sun koma bulo da siminti, kuɗin da hukuma take warewa kuwa bai cika isa ba. Wanda ya ga abin da ya sami ganuwa, yadda aka haƙe ta aka yi gidaje da shaguna a kanta, ya san cewa doka kaɗai ba ta tsare gini.

Saboda haka muna kira ga attajiran Kano da masu sarauta su ɗauki nauyin yaɓen shekara shekara, a kuma sa samari su koyi aikin a hannun tsofaffin magina tun suna da rai. Wanda kuma yake da tsohon kundi, ko takobin kakansa, ko wata riga ta sarauta da take ajiye cikin adaka asu yana ci, ya kai ta Gidan Makama a rubuta sunan gidansu da asalinta, ya fi ya sayar wa dillalai.