Kano daga cikin Adaidaita: zare 🧵

1/ Mu ’yan Tudun Kaya da Karaye da Rogo, yawancinmu kasuwa ko asibiti ke kai mu Kano. Nakan ce wa ƙannena: ku ware yini guda, ku hau adaidaita, ku ga tarihi.

2/ In ka biyo titin Gwarzo, Kabuga za ka fara tararwa. Ta Ƙofar Kabuga sojojin Turawa suka shiga birni a Fabrairun 1903. Yau gadar ƙasa ce a wurin.

3/ Ganuwar da suka fasa kuwa, Sarki Gijimasu (1095–1134) ne ya fara gina ta.

4/ Ka ce wa mai adaidaita Gidan Makama. Gidan tarihi ne yanzu, dab da fadar da Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya gina. Daga nan sai Kurmi, marinar Ƙofar Mata, ka ƙare a Dutsen Dala.

5/ Shi kansa abin hawan yana da tarihi. Sunan ya fito daga shirin A Daidaita Sahu na gwamnatin Shekarau, lokacin da aka kawo keken don mata su daina hawa acaɓa. Da aka hana acaɓa a Janairun 2013, sai ya mamaye gari.

6/ Abin takaici, ruwan sama da masu gine-gine suna ta cin ganuwar. Ku je ku gani da idonku tun da sauranta, ku ɗauki hoto ku ajiye.