Asalin Kabarin Bature a Murmur

A ƙarshen shekarar 1823 wasu Turawa biyu, Kyaftin Hugh Clapperton da Likita Walter Oudney, suka taso daga Kukawa cikin ayarin fatake, suka nufo Kano ta hanyar da ta ratsa fadamun kogin Haɗeja da na Jama'are. A zamanin nan Sambo ne ke sarautar Haɗeja, Ɗankawa kuwa yana Katagum, inda baƙin suka sauka a farkon Janairun 1824. Likitan ya daɗe yana fama da ciwon ƙirji. Da suka bar Katagum suka yada zango a Murmur, nan ajali ya cim masa ran 12 ga wata. Clapperton ya binne shi a gindin wata tsohuwar bishiya a bayan gari, ya sa aka kewaye kabarin da katangar ƙasa saboda namun daji, aka yanka tumaki biyu aka raba wa mabukata. Ran 20 ga wata ya shiga Kano. Asalin kabarin ke nan.

Wannan zango ya cancanci a auna shi, a tone kewayensa da ilimi, a kiyaye shi. Na san wani zai ce, ina ruwanmu da kushewar Bature, alhali irinsu ne suka nuna wa 'yan mulkin mallaka hanya? Maganar ba ta rasa tushe ba, don mutanen Haɗeja ba su manta da 1906 ba, shekarar da sojojin Ingila suka ci garin, Sarki Muhammadu ya yi shahada. Amma shekara 82 ce tsakani, kuma mutanen nan biyu baƙi ne masu neman iznin sarakuna kafin su wuce. Zangon ma ba nasu ba ne. Na fatake ne masu kai kanwa Kano su komo da tufafi, Clapperton kawai ya rubuta kwanan wata, abin da madugai ba su saba yi ba. Ke nan mutuwar likitan ta ba mu tabbataccen lokaci da za a jingina tarihin hanyar Borno da shi.

Sauran hujjar ita ce ruwa. Ƙasar fadama ba ta riƙe ginin laka, kowace ambaliya sai ta tafi da wani abu. Masarautun Haɗeja da Katagum su haɗa kai da hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, a fara da jin bakin dattawan yankin tun suna raye.